Hayaƙin Akaza da Akwatin Halliru

Zuwa ga:
Mai Girma Hakimin Wudil,
Ta hannun Magatakardan Hakimi,
Wudil, Lardin Kano.

Daga:
Halliru Fita, mai gyaran mota,
Gindin Ɗorawa, Tashar Wudil.
Da alƙalamin Malam Ɗantani, marubucin wasiƙu na bakin kasuwa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 1957.

Game da: Ƙwace akwatin kayan aikin Halliru da Sarkin Tasha Ya'u ya yi, saboda farin hayaƙin wata mota wanda shi Sarkin Tasha bai san mafarinsa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da addu'ar Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya ya ja zamaninsa, ana roƙon Magatakarda ya karanta wannan takarda a keɓe, ba a gaban fadawa ba. Dalili zai bayyana kafin ta ƙare.

Mai ƙorafi talakanka ne, Halliru, haifaffen Dagumawa. Ya koyi gyaran mota a soja lokacin yaƙin Bama, ya dawo gida da kunne ɗaya mai ji da akwatin ƙarfe guda cike da sifanu. Da wannan akwati yake ci da kansa da iyalinsa shekara goma sha ɗaya ke nan. Bai iya karatun boko ba, amma yana gane lambar sifana da shafa ko idonsa a rufe. Kowa a garin nan ya san hannunsa, baƙi ƙirin da man inji, har duk takardar da ya taɓa dangwala wa yatsa a teburina, ni marubucin, ba mu taɓa ɓata tawada a kanta ba. Yau kwana goma akwatin nan yana ƙarƙashin gadon Sarkin Tasha. Ga yadda aka yi.

1. Motar da ake magana a kanta ta Alhaji Maikano ce, surukin mai ƙorafi, mahaifin matarsa Barakatu. Sunan nan ni na rubuta shi, domin bakin Halliru ba ya kama shi. Baba Alhaji yake cewa, kuma ko a bayan idonsa sai ya rage murya. Alhaji ya shekara arba'in yana fataucin kanwa da gishiri da hatsi a bayan jakuna. A watan Agusta na bana ya ga motoci suna wuce ayarinsa suna bar masa ƙura, zuciya ta ɗebe shi, ya sayar da jakunansa goma sha takwas a rana ɗaya, ya tafi Kano ya sayo wata farar a-kori-kura a gwanjo. Injinta na fetur ya mutu tun kafin a haifi wasu direbobin tasharmu, da igiya aka jawo ta. Alhaji ya raɗa mata suna Akaza, sunan wata farar jakarsa da ya fi so. Halliru ya ba shi shawarar kada ya saya, ta hanyar da ake ba suruki shawara, wato ya cire takalmi ya durƙusa ya kalli ƙasa ya yi shiru. Alhaji ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

2. Mai ƙorafi ya cire mataccen injin, ya samo injin wata tarakta mai shan gas, wato man da Turawa ke kira dizal, ya yi mako uku yana yanka yana walda har ya zaunar da shi a cikin Akaza. Ya ƙara mata hanci da langalanga, ya sa mata babban lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Ba a ce ta yi kyau ba, amma ran Litinin 2 ga Satumba ta tashi, kuma wata guda cur tana zirga-zirga tsakanin Wudil da Darki ba ko tari. A wannan watan Sarkin Tasha Ya'u da kansa yake zama a gidan gaba, gwiwar hannu a taga, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ba da shawarar injin.

3. Ran Juma'a 4 ga Oktoba, ranar kasuwa, direbanta Bilya ya tayar da ita a ƙofar gidan Alhaji, sai inji ya kama karkarwa kamar mai masassara. Ya yi tari, ya ɗauke, ya dawo, sannan farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Da ta iso tasha masu fura suka rufe ƙoransu suka koma bayan masallaci. Fulanin da suka kawo shanu suka ɗauka an sa wa daji wuta. Daga wannan safiya Sarkin Tasha bai ƙara tuna cewa shi ya ba da shawarar injin ba.

4. A nan ne ƙorafin ya fara, ranka ya daɗe. Sarkin Tasha Ya'u mutum ne mai ilimin mota ƙwarai, domin ya shekara ashirin yana kallonsu suna shiga suna fita. Ya zagaya Akaza sau biyu hannu a baya, ya yanke hukunci cewa fulogi ne, ya umarci Halliru ya sake su nan take. Halliru ya bayyana masa da ladabi cewa injin gas ba shi da fulogi. Sarkin Tasha ya ce to ai ga matsalar nan, an haɗa inji an manta da fulogi. Washegari ya ce kafireto ne, shi ma aka gaya masa babu. Ya juya ga jama'a ya ce su shaida, abu biyu ke nan Halliru ya amsa da bakinsa cewa bai sa ba. A rana ta uku ya bar sha'anin ƙarfe ya koma kan iskokin gadar kogin garin nan, ya ce su ne suka ƙi jinin ƙarar tarakta a kan ruwansu. Ya sa aka kunna kaskon turare a ƙarƙashin motar. Sakamakon da aka samu shi ne hayaƙi ya zama iri biyu, ɗaya da ƙamshi.

5. Shi kuwa mai ƙorafi ya bi abin yadda aka koya masa. Ya ce hayaƙin inji launi uku ne: baƙi idan mai ya yi yawa, shuɗi idan inji yana cin baƙin mai, fari kuwa idan ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ko gas yana fita bai ƙone ba. Da farko ya zargi aikin hannunsa, domin ya san injin da motar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ya cika lagireto ya yi alama da tsinke, aka yi tafiyar yini biyu, ruwa bai ragu ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba ko ya yi fari kamar an zuba nono, ya tarar da shi lafiya. Ya sassauta bututun nozul, wato bakunan da ke fesa wa inji gas, ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunnensa mai ji a jikin inji don ya gane wane fistin ne ya yi barci, sai ya ji duk huɗun suna gyangyaɗi tare. Ya duba saitin famfon mai, alamun suna inda ya bar su. Ya fitar da iska daga bututu. Zuwa Laraba hayaƙi ya ragu, ya yi hamdala, ya ɗauka ya gama. Ran Juma'a 11 ga wata hayaƙi ya dawo kamar an aika masa goron gayyata. Ran Litinin 14 ya kwance nozul huɗun ya naɗe a tsumma ya kai Kano aka gwada, aka ce masa sun fi na motar mai gwajin lafiya. Ran Juma'a 18 hayaƙi ya sake dawowa.

6. A nan Halliru ya lura da abin da Sarkin Tasha bai lura da shi ba duk da yana zaune a tasha tun safe har yamma: cutar Akaza ta san kwanakin mako. Tana tashi ran Juma'a da safe, ta yi sauƙi zuwa Laraba. Ya ce bai taɓa ganin ƙarfe mai lissafin ranar kasuwa ba. Ran Asabar 19 ya kwance matatar mai ya tsiyaye ta a kwalba, ya ajiye a inuwa. Bayan ɗan lokaci gas ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, kaurin yatsa uku. Ya tafi wajen mai sayar musu da gas ya zura gora har gindin duro ya zuƙo, babu ɗigon ruwa. Ya sauke tanki ya duba ko ya huje, bai huje ba, kuma damina ta riga ta ɗauke. Ya wanke shi ya shanya ya mayar. Akaza ta yi kwana biyar tana gudu lafiya lau, har Sarkin Tasha ya dawo gidan gaba yana cewa turarensa ne ya yi aiki.

7. Ran Juma'a 25 ga Oktoba aka koma gidan jiya. Halliru ya sake tsiyayewa. Wannan karon ya murza ruwan a yatsa ya ji santsi, ya ga ya yi fari-fari, sai ya ɗanɗana. Kanwa ce, ranka ya daɗe, ungurnu mai kyau, irin wadda ba a ba kowace dabba sai wadda ake so. A garin nan kuwa ba a buƙatar malamin duba kafin a san gidan da ke da irin wannan kanwa. Ya gaya mini cewa a lokacin ya zauna a kan taya ya daɗe. Washegari ya ƙera wa murfin tanki ƙarfe ya sa kwaɗo, ya ce saboda ɓarayin mai ne. Alhaji ya yaba da wannan hankali, ya sa masa albarka, sannan ya miƙo hannu ya karɓi mabuɗin.

8. Ran Juma'a 1 ga Nuwamba, bayan an sauko daga sallar asuba gari ya fara haske, Halliru ya bi ta bayan gidan surukinsa ya tsaya jikin danga. A tsohon turken jakuna ake ajiye motar, turakun goma sha takwas suna nan a kafe, ba a cire ko ɗaya ba. Ya ga Alhaji ya fito da ƙwarya, yana dama kanwa da yatsa. Ya buɗe kwaɗo ya ɗura mata a hankali, yana shafa gefenta, yana rarrashinta da irin maganar da yake wa jakuna, yana cewa ta daure, ya san kayan gyaɗa sun yi mata nauyi, yau kasuwa ce, ta sha ta ji ƙarfi. Da ya gama ya goge mata baki da gefen rigarsa. Shekara arba'in bai taɓa fita kasuwa da dabba ba tare da ya ba ta kanwa ba, kuma tun ranar da ya ji Akaza tana nishi a hawan Darki da buhuna ya ga babu dalilin da zai sa ya tauye ta. Ni da nake rubutu na yi dariya har alƙalami ya faɗi. Halliru bai yi ba. Ya ce da ya gaya wa Barakatu ita ma ta fara dariya, sannan ta fashe da kuka, ta ce tun da mahaifiyarta ta rasu babanta da jakuna kaɗai yake hira, ga shi kuma ya sayar da su. Ta ce ita ba ta da bakin gaya masa. Halliru kuwa ko abinci bai taɓa ci a gabansa ba, balle ya dubi idonsa ya ce masa shi ke kashe motarsa da hannunsa.

9. A wannan ranar, wajen hantsi, Akaza ta mutu a tsakiyar gada da buhun gyaɗa ashirin a bayanta. Shanu a gaba, motoci a baya, hayaƙi a sama, babu mai gaba babu mai baya har rana ta take. Da aka turo ta tasha Sarkin Tasha ya sa aka kawo masa kujera, ya tara jama'a, ya zaunar da Alhaji a damansa, ya kira Halliru. Ya lissafa fulogi, ya lissafa kafireto, ya ƙara da cewa an ga Halliru yana lasar man mota, wanda ba aikin mai hankali ba ne. Sannan Alhaji da kansa, a gaban mutum sama da ɗari, ya tambayi surukinsa Halliru ko ya san abin da ke damun motar. Halliru yana durƙushe ba takalmi, kwalbar tana cikin aljihunsa, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ya san kuma idan ya faɗe ta, daga ranar har Alhaji ya koma ga Allah ba wanda zai ƙara kiransa sai da Alhaji Mai Kanwa, kuma yara za su riƙa yi masa kukan jaki a hanyar masallaci. Ya kalli ƙasa ya ce bai sani ba. Sarkin Tasha ya ce madalla, wanda bai sani ba ba ya buƙatar sifana. Ya sa aka ɗauke akwatin, ya hana shi taɓa kowace mota a tashar Wudil. Bai tambayi mai sayar da gas ba, bai leƙa tanki ba, bai sanar da fada ba. A iya sanin mai ƙorafi, aikin Sarkin Tasha jera motoci ne da raba faɗan direbobi, ba a naɗa shi alƙali ba.

10. Tun daga ranar Halliru yana zaune a ƙofar gida. Direbobin da suka shekara goma suna kawo masa mota yanzu da ido suke gaishe shi. Akwatin nan ya tsallake teku da shi, akwai sifana a ciki wadda wani abokinsa da bai dawo ba ya bar masa, kuma ran Talata da ta wuce an ga Sarkin Tasha yana fasa goruba da ita. Gyaran Akaza ya koma hannun shi Sarkin Tasha, wanda ya aika Kano a sayo fulogi huɗu, kuma yau kwana uku yana zagaya injin yana neman inda zai cusa su. Halliru ya ce famfon man motar ba zai jure wani wata guda a haka ba, tsatsa za ta cinye shi, irinsa kuwa babu a Kano sai an aika ƙasar Turawa. Idan famfon ya mutu, jakuna goma sha takwas sun tafi a hayaƙi ke nan. Bayan wannan, labari ya iso cewa tun da ciwo ya ƙi ji, an shirya yi wa motar lalas ran Juma'a mai zuwa, 15 ga wata, wato a gasa ƙarfe ya yi ja a ɗora mata kamar yadda ake wa jaki mai ciwon kafaɗa. Wurin da aka zaɓa shi ne gefen tanki. Sarkin Tasha ya amince, ya ce shi zai riƙe ƙarfen.

Saboda haka mai ƙorafi yana durƙusawa gaban Mai Girma da waɗannan buƙatu. Na farko, a umarci Sarkin Tasha Ya'u ya dawo da akwatin da duk abin da ke ciki, har da sifanar goruba, a kuma ɗage hanin da ya yi. Na biyu, a ba Halliru yini ɗaya ya wanke tankin Akaza, sannan a kulle murfin, mabuɗi ya zauna a hannun dogarin Mai Girma, shi zai riƙa buɗewa lokacin zuba mai. Idan aka yi Juma'a biyu a haka ta fitar da hayaƙi ko na taba ɗaya, ya yarda a kore shi daga ƙasar Wudil, akwatin ya zama na Sarkin Tasha halak malak. Na uku, a hana lalas kafin Juma'a. Ya ce idan jama'a suna son a faɗi wanda ya yi kuskure, a ce shi ne, ya ɗauka, muddin za a bar shi ya yi aiki.

Yana rufewa da neman gafara idan an yi tsawo ko an yi kaifi. Allah ya ƙara wa Mai Girma nasara, ya tsare shi daga sharrin masu ilimin da ba su da shi.

Talakanka mai biyayya,
Halliru Fita
(alamar babban yatsansa na dama)

Ƙarin bayani daga marubuci, ranka ya daɗe. Halliru ya ba ni labarin nan duka, amma ya roƙe ni kada maganar kanwa ta shiga takarda. Ya ce in nemi akwati da kwaɗo kawai, kada in faɗi dalili. Na ga babu hakimin da zai ba dogarinsa gadin murfin tanki ba tare da dalili ba, don haka na rubuta. Da na karanta masa na tsallake lamba ta 7 da ta 8 da rabin ta 9. Ya ce ya ga na daɗe ina rubutu amma karatun ya zo gajere, na ce masa boko haka yake, cin wuri gare shi. Kwalbar da ke tare da wannan takarda ni na ɗauke ta, a ajiye ta a inuwa a ga yadda za ta rabu. Idan akwai laifin cin amana nawa ne, kuma ina jiran hukunci.

Roƙona ɗaya ne. Kada a kira Alhaji fada. Yana da taubashi a Darki, wani tsoho mai suna Ɗan'auta, wanda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi damar gaya masa kowace irin magana. A kira taubashin, a ja masa kunne sosai cewa idan maganar ta fita kasuwa zai haɗu da fushin Mai Girma, sannan a tura shi su zauna su biyu a turke ya gaya masa mota ba ta shan kanwa. In da hali kuma a shawarci Alhaji ya sayi jaki ko guda ɗaya, ya samu wanda zai riƙa dama wa.

A gaggauta, ranka ya daɗe. Da Halliru ya zo dangwala yatsa ɗazu ya danna a takarda kamar yadda ya saba, ya ɗaga, babu komai a wurin. Ya juya hannun yana kallo, fes kamar na ɗan kanti. Shekara goma sha ɗaya na san shi, yau ne karo na farko da na buɗe masa kwalbar tawada.

Naka mai ladabi da biyayya,
Malam Ɗantani,
Marubucin wasiƙu, Bakin Kasuwa, Wudil.